Kafin Ka Biya Kuɗin Makeken Fili a Bakin Tekun Legas

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar Arewa mazauna Legas ya san irin bidiyon da nake nufi. Daga sama ake ɗauko shi: ƙasa shimfiɗe kore shar, bishiyoyin kwakwa a jere, can gefe farin rairayi da kumfar teku. Sai murya ta biyo baya, wai hekta kaza ce, minti kaɗan zuwa matatar Ɗangote, sabon titi zai ratsa ta bakinta, wanda ya yi jinkiri ya yi asara. Mutumin da ya shekara ashirin yana sauke albasa a Mile 12 ko shanu a Agege, ya tara ɗan abin da ya tara, yana kuma kallon yadda Naira ke narkewa a hannunsa, ba a ga laifinsa in zuciyarsa ta motsa. Mun taso ne a kan cewa ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya ɗaukar ta.

Game da abin da ke faruwa a yankin, dillalan ba ƙarya suke yi ba. Matatar Ɗangote da ke Ibeju-Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023. Kafin nan da 'yan watanni, a Janairu, aka buɗe tashar manyan jiragen ruwa ta Lekki a maƙwabtanta. A Maris ɗin 2024 aka fara titin gaɓar teku da aka tsara zai tashi daga Legas ya dire Kalaba, tafiyar kilomita kusan 700. Ta ɗaya gefen, wajen iyakar Benin, ga titin da zai taso daga Illela ta Jihar Sakkwato ya sauka Badagry, sama da kilomita 1,000. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙanta a Najeriya, wani babban kaso nata ma ruwa ne, jama'a kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Wanda ya yi hasashen ƙasa za ta yi daraja a can yana da hujja.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ilimin sayen gona da muka taho da shi daga gida ba ya isa a can. Idan mutum zai sayi gona a ƙauyukan Bichi ko Giwa, hanyar a bayyane take. Ga mai gona, ga maƙwabtan iyaka, ga mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, shaidu su shaida, a ba dillali la'adarsa, a shafa fatiha. Gamba ko kukar da ke kan iyaka tana nan inda kakanni suka bar ta. A bakin teku kuwa, kowane fili yana da masu magana uku a kansa: dangin da suka gaje shi, gwamnati, da ruwa. Dillali da na farkon kaɗai zai haɗa ka, shi ma ba lallai ya haɗa ka da su duka ba.

Na taɓa raka kawuna, wanda ya daɗe yana fataucin albasa tsakanin Aliero da Legas, kallon wani fili da aka ce hekta ashirin ne, gaba da mararrabar Eleko. Cikin Janairu ne, hazo ya sauko har can. Muka bar kwalta muka bi wata hanyar rairayi har motar ta fara kafewa, muka ƙarasa a ƙasa. Dillalin ɗan Arewa ne kamarmu, abin da ya sa kawu ya saki jiki ke nan. Ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji, daga waccan kwakwar mai lanƙwasa har bakin ruwa, duk naka ne in ka shirya." Kawu bai tanka ba. Ya durƙusa ya damƙi ƙasar kamar yadda kowane manomi zai yi, ya buɗe tafin hannunsa, ta zube tas ta tsakanin yatsunsa, fara fat, ba ta bar ko alama ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, ai ko jigawar garinmu ta fi wannan jiki." A hanyar dawowa muka biyo ta wasu 'yan gidaje inda wata tsohuwa ke bandar kifi. A jikin bangon ɗakinta akwai wani layi kore-kore da ya zagaye shi, tsayinsa ya wuce gwiwa. Kawu ya sa a tambaye ta da Yarabanci ina ruwa ke kaiwa da damina. Ba ta ce komai ba, ta ɗora hannu a cinyarta, ta ci gaba da juya kifinta.

Zan dawo ga maganar ruwan. Bari mu fara da mutanen da za su karɓi kuɗinka.

A ƙasar Yarbawa, yawancin filayen karkara na dangi ne. Mafi kusa da su a wurinmu ita ce gonar gado da ba a raba ba, sai dai wannan gadon ya yi shekara ɗari ko fiye ba a raba shi ba, magadan sun zama zuriya mai rassa, wasu suna ƙauyen, wasu suna Ingila. Shugaban dangi, wanda suke kira olori ebi, mai riƙon amana ne kawai. Wannan tsari ya samu gindin zama a shari'a tun 1921, lokacin da basarake Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kai gwamnatin mulkin mallaka ƙara har Landan kan filayen Apapa, aka kuma yanke cewa ƙasar ta al'ummarsa ce, dole a biya diyya. Daga baya kotunan Najeriya sun shimfiɗa ƙa'idar da duk mai saye ya kamata ya haddace. Idan manyan dangi suka sayar ba da shugabansu ba, cinikin ɓatacce ne tun daga tushe. Idan shugaban ya sayar da sunan dangi ba tare da yardar manyan ba, suna da ikon zuwa kotu su warware shi. Cinikin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda shugaba da wakilan rassan suka haɗu a kansa.

To wa zai gaya wa baƙo rassa nawa ne a gidan? Nan ne ake yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa. Ka biya reshe ɗaya, ka karɓi rasit mai hatimi, ka fara shinge, sai ga wasu samari a kan babura sun ce uban da ya sayar maka ba shi ne shugaba ba, ko kuma akwai shari'ar sarauta a kotu tun kafin a haife su. Su ne omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, kuma ko cinikin ya inganta, al'adarsu ce su nemi kuɗin aza harsashi, kuɗin katanga, kuɗin rufi. A 2016, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, Legas ta yi doka ta musamman da ta haramta wannan karɓe-karɓe da mamaye fili da ƙarfi, aka kafa runduna a kansa. Dokar ta rage abin a cikin gari. A ƙauyen da sai an yi tafiyar awa biyu kafin a ga ofishin 'yan sanda, wanda yake kwana a wurin shi ke da ƙarfi. Girman filin ma kansa matsala ne, domin hekta ashirin tana iya ratsa ƙasar dangi biyu ko ƙauyuka biyu, kowanne da nasa baale, wato dagaci, kowanne da nasa labarin inda iyaka ta tsaya.

Mai magana na biyu ya fi dangi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun yi haka, daga gare su ma aka kwaikwayo ta. A Kudu ne ta zo ta tarar da dangi masu ganin ƙasar tasu ce tun kaka da kakanni, har yau kuma tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna gogar juna. Abin da mutum ke saye a doka izinin zama ne da amfani na wasu shekaru, galibi 99 in na gidan zama ne. Idan filin yana da takardar gwamna, wato C of O, sayar da shi ba ya kammala sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. A karkara, ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin gargajiya, amma ba ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Gwamnan ne kuma ke ayyana inda yake birni, don haka wurin da idonka ya ga daji ne yana iya zama birni a takarda, sa hannun ciyaman bai amfane ka da komai ba.

Sai abin da ya keɓanta da Legas, wanda a ganina shi ne ramin da ya fi cin mutane. Shekaru da dama da suka wuce gwamnatin jihar ta karɓe manyan yankuna a dunƙule, har da mafi yawan zirin Lekki zuwa Epe, ƙauyuka da gonakinsu da dazuzzukansu. Mutanen ba su tashi ba, suna nan suna noma suna su, amma a takarda ƙasar ta fita daga hannunsu. Daga baya gwamnati takan yanko wa ƙauye wani yanki ta mayar masa, abin da suke kira eksishan, a buga shi a gazet ɗin gwamnati da girmansa da lambobin iyakarsa. Wannan yankakken kaɗai dangi ke da ikon sayarwa. Sauran kuma kashi biyu ne. Akwai wanda gwamnati ta riƙe ba ta sa masa aiki ba tukuna, shi ana iya nema a daidaita takardunsa a biya kuɗi, in an dace. Akwai wanda aka riga aka ware wa wani aiki, titi ko filin jirgi ko rukunin masana'antu, shi kam ko ka gina bene hawa goma ranar da aikin ya zo katafila ce za ta yi magana.

Saboda haka idan ka ji dillali ya ce ana kan aikin eksishan, fassarar maganar ita ce a yau ɗin nan filin na gwamnati ne, ƙauyen ya dai shigar da roƙo. Ana iya ba su, ana iya hana su, ana iya ba su rubu'in abin da suka nema, kuma babu tabbacin naka zai faɗo cikin rubu'in. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Akwai wata dabarar da ta fi wannan wayo. Gazet ɗin na gaske ne, sunan ƙauyen yana ciki, lauyanka ya duba ya ga komai daidai, amma filin da aka kai ka ka taka yana wajen layin da aka yanka. Maganinta guda ne: ka ɗauki naka safiyo mai rajista, wanda kai ka biya shi, ya je da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwoyin wurin da ƙafarka ta taka, a kai ofishin babban safiyon jiha da ke Alausa a Ikeja a ɗora su a kan taswirar gwamnati. Rahoton da zai fito shi zai faɗa maka ko filin sakakke ne, ko riƙaƙƙe, ko an ware shi. Kuɗin wannan bincike bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin filin, amma na ga mutane suna tsallake shi don kada dillali ya ga kamar ba su yarda da shi ba. Kunya ba ta da gurbi a nan.

Ko da takardu sun cika, dokar 1978 ta ba gwamna ikon soke izini saboda amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce, gini ko shuka. Wanda ya sayi daji ya bar shi daji yana jiran ya yi tsada, ba shi da abin kirki da zai karɓa. Titin da ake yi maka talla da shi shi ne zai iya cinye ka. A ƙarshen Afrilun 2024 an rushe wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark da ke Victoria Island don titin gaɓar teku ya wuce, alhali masu shi manyan masu jari ne da lauyoyinsu. A yankin Okun Ajah an yi ta taƙaddama kan sauya layin da titin zai bi, masu filaye, cikinsu har da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, suna kukan an bi ta kansu. Kusanci da babban aikin gwamnati yana ɗaga farashi, yana kuma ɗaga haɗari, mai saye ya auna duka biyun.

Shari'a kuwa, a roƙi Allah ya raba mutum da ita. Rikicin filayen unguwar Magodo da ke Legas ya samo asali ne daga shekarun 1980, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012, amma har ƙarshen 2021 ana zuwa da 'yan sanda ana shafa wa gidajen mutane jan fenti.

Yanzu ruwa, wanda ba ya karɓar sammaci. Gaɓar Legas tudun rairayi ce siririya tsakanin teku da tafkuna, ƙasa ce mai kwari ƙwarai, kuma ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Igiyar ruwa tana kwasar yashi daga yamma tana kai shi gabas. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka gina katangun duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas, katangun suka tare yashin, gefen gabas ya daina samun ciko, teku ta fara cin Bar Beach har ta riƙa hawa titin Ahmadu Bello. An tare ta a can da aikin Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku don gina ta, da doguwar katangarsa, amma ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, sun ga gidaje da kwakwa da maƙabartu sun tafi cikin ruwa. A Jihar Ondo, garin Ayetoro na ƙabilar Ilaje da aka kafa a 1947, wanda ya taɓa yin suna wajen tsari da dogaro da kai, teku ta haɗiye babban ɓangarensa, mutanen suna ta ja da baya da gidajensu na katako. Wanda ya sayi hekta ashirin mai fuskantar teku a irin wannan wuri, takardarsa za ta ci gaba da cewa ashirin, ƙasar kuwa tana raguwa kowace shekara.

Bakin ruwan da ya fi ɗaukar ido shi ne kuma ya fi yawan masu iko. Dokokin tsara gari na Legas sun hana gini a cikin mita 150 daga bakin teku da mita 50 daga bakin tafki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, ta daɗe tana da'awar iko da mita 100 a gefen hanyoyin ruwan da ke ƙarƙashinta, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a kan Jihar Legas game da ikon hanyoyin ruwan. Ke nan ana iya sayar maka da zirin da ba ka da damar ɗora bulo ɗaya a kansa. Idan kuma aikin naka babba ne, kamar rukunin gidaje ko cike fadama da ya kai hekta 50, dokar nazarin muhalli ta 1992 ta wajabta a yi binciken tasirinsa kafin a fara.

Dillali zai ce maka ai cikewa ake yi, kowa haka ya yi, har Ɗangote. Gaskiya ne, wurin matatar fadama ce, kamfanin da kansa ya bayyana cewa sai da ya zuƙo yashi kusan kubik mita miliyan 65 daga ruwa ya ɗaga wurin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yi lissafin naka da biro. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In za ka ɗaga ta da mita ɗaya, kana bukatar yashi kubik mita 10,000. Tifa mai tan 20 tana ɗaukar wajen kubik mita 12 da rabi. Tifa 800 ke nan a hekta ɗaya, kafin a yi maganar hanyar da tifofin za su bi, da lotsewar da cikon zai yi, da turakun kankare da za a kafa a ƙarƙashin gini. Sau da yawa kuɗin cike fili ya fi kuɗin sayensa. Shi ya sa araharsa take da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa kuma ake son kai mai saye kallo tsakanin Disamba da Fabrairu. Wanda yake da niyyar gaske ya koma a watan Yuni ko farkon Yuli, lokacin da damina ta kai ƙarshen ƙarfinta a Legas, ya je washegarin ruwan sama mai yawa.

Tunda mun shiga lissafi, a kula da awo. Fulotin da muka saba da shi a Kano ƙafa 50 ne a 100. Na Legas na asali ƙafa 60 ne a 120, shida suke cika eka. Eka ta gaskiya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma eka biyu da rabi saura kaɗan. Amma kamfanonin filaye da yawa yanzu suna yanka fuloti a mita 500, su haɗa shida su kira shi eka. Mita 3,000 ke nan, an zaftare maka rubu'i. A eka hamsin, sama da goma sha biyu sun tafi ba ka sani ba. Kada a rubuta eka ko fuloti kawai a takardar ciniki, a rubuta murabba'in mita da lambobin duwatsun safiyo.

Wanda noma ya kai shi, shi ma ya zauna ya yi tunani. Farin rairayin bakin teku ba ya riƙe taki ba ya riƙe danshi, abin da ya karɓe shi kwakwa ce, shi ya sa Badagry ta yi suna da ita, kwakwa kuwa sai an yi haƙurin shekaru kafin a ga ɗanta. Baƙar lakar da ke ƙarƙashin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafu, tana yaudarar ido, domin da zarar an janye mata ruwa ta sha iska sai ta yi tsamin da ke kashe shuka. Rijiyar burtsatse tana iya ba da ruwa mai gishiri-gishiri ko mai jan tsatsa. Iskar teku tana cin kwanon rufi da ƙarfen inji da sauri. Kiwon tarwaɗa yana yi, kasuwar kifi ta Epe ma tana kusa, amma ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe kifin shekara. Mai tunanin zuba shanu kuwa ya tuna da tsando da ciwon sammore, waɗanda fararen shanunmu ba sa jure musu kamar gajerun muturu na kurmi. Ya kuma tuna cewa a 2021 Legas da Ogun da Ondo duk sun yi dokokin hana kiwon sake, don haka sai killataccen wuri da ciyawar saye ko ta shuka. In takardar filin ta noma ce, ba a yanka shi fulotai a sayar wa masu gini sai an nemi izinin sauya amfani, ba kuma kullum ake bayarwa ba.

Akwai maganar da ba ta cikin takardun lauya, ni kuwa ta fi damuna. Filin da ake ce maka babu kowa a kansa, da wuya ya zama babu kowa. Akwai masunta 'yan ƙabilun Egun da Ilaje da suka yi zuriya a bakin ruwan, akwai matan da ke bandar kifi, akwai mai kwakwar da kakansa ya dasa bisa aro daga dangin da ke sayar maka. Ba su da gazet, sau da yawa ba a ma gaya musu an yi ciniki ba. Tarihin gaɓar Legas cike yake da irinsu. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, mutane kimanin 300,000 suka rasa matsuguni, wurin ya zama unguwar masu hannu da shuni. Tsakanin 2016 da 2017 aka kori masuntan Otodo Gbame, wasu suka kwana cikin kwalekwale da 'ya'yansu. Mu da muka san zafin a tashi kasuwarmu ko a rushe mana rumfuna a garin da ba namu ba, bai dace kuɗinmu ya zama sanadin yi wa wani haka ba. Mun kuma san gargaɗin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci. Ka taka filin kusurwa zuwa kusurwa, ka ga wa ke ciki, ka zauna da su, a san matsayinsu a rubuce kafin kuɗi ya fita. Ko ta fuskar kasuwanci ma, maƙwabcin da aka mutunta shi ne zai kira ka a waya ranar da wasu suka zo da safiyonsu suna auna filinka.

Game da biyan kuɗi, tsarin da na ga yana kuɓutar da mutane shi ne a jinkirta shi gwargwadon iko. Safiyo da bincike a Alausa su riga komai. Lauya ya zama naka, wanda ya san filayen wannan yankin, ya duba rajistar filaye, ya duba ko akwai ƙara a kotu, ya binciko rassan dangin. Kuɗi ya bi ta banki da sunan da ke kan takarda, kashi-kashi, kaso na ƙarshe sai an sa hannu a takardar miƙa mallaka a gaban shugaban dangi da wakilan rassa, an kafa duwatsu. Daga nan a shiga neman amincewar gwamna ba tare da ɓata lokaci ba, a kuma ware kuɗinta tun farko tare da na shinge da na mai gadi. Fili mai girma da aka bari babu motsi a kansa, a can, sake sayar da shi ake yi. Idan abin da ke hannunka ya isa sayen hekta ashirin amma bai isa tsare ta ba, biyar ce daidai ƙarfinka.

Kawu ya koma wancan filin a watan Yuni, ni ban samu zuwa ba. Ya ce a inda muka ajiye mota a Janairu, nan ya shiga kwalekwale. Safiyon da ya ɗauka ya dawo daga Alausa da rahoton cewa fiye da rabin wurin yana cikin yankin da gwamnati ta riƙe. Dillalin ya yi ta kiran waya yana cewa, "Alhaji, wallahi wani zai riga ka," kawu ya ce masa Allah ya sa alheri ne ga wanda ya riga shi. Bayan kusan shekara ya sayi hekta huɗu a arewacin Epe, ta hanyar Ijebu-Ode, jar ƙasa mai tudu, inda ko ƙarar teku ba a ji. Ya kewaye ta da waya, ya zuba rogo, ya dasa kwakwar manja a gefen iyaka, ya ajiye wani yaro ɗan garinmu da iyalinsa a ciki. Takardar amincewar gwamna har yanzu tana ofis, duk wata yana aika lauyansa ya bi sawunta.